Yadda Amurka ke raba kuɗin tsaron tashoshin jiragen ruwanta

Masu saurarenmu da ke da ƴan uwa a New York ko Greensboro sun san yadda ake turo mota ko kwantena: a ɗora ta a jirgin ruwa can, ta yi makonni bisa teku, ta sauka a Lome ko Kwatano, sannan ta kamo hanyar gida. To, tashar da kayan ke tashi daga cikinta tana da tsaro, kuma gwamnatin Amurka na da wani asusu na musamman da take tallafa wa tsaron da shi kowace shekara.

Asusun ya samo asali ne bayan harin 11 ga Satumban 2001. Hukumomi suka ce, idan an iya kai hari da jirgin sama, me zai hana a ɓoye bam cikin kwantena, ko a afka wa jirgin dakon mai da ƙaramin kwale-kwale? Dama a Oktoban 2000 an yi wa jirgin yaƙin Amurka USS Cole haka a Aden ta ƙasar Yaman, sojoji 17 suka mutu. Sai aka fara ba da tallafin a 2002. Yanzu hukumar FEMA, mai kula da agajin gaggawa, ita ke riƙe da shi.

Da farko rabon bai tafi daidai ba. A 2005 babban mai binciken ma'aikatar tsaron cikin gida ya fitar da rahoto cewa an watsa kuɗin ko'ina, har da wurare irin su Martha's Vineyard, tsibirin da masu hali ke zuwa hutu, alhali manyan tashoshi na da ayyukan da ba a biya ba. Kowane ɗan majalisa na son mazaɓarsa ta ɗanɗana, abin da mu ma nan ba baƙo ba ne a gare mu. Dokar da shugaba George W. Bush ya sa wa hannu a Oktoban 2006 ta ce a riƙa rabo bisa girman haɗari.

Yaya ake auna haɗarin? Tambaya uku ake yi. Shin akwai alamar wani na neman kai wa wurin hari? Idan ya zo, wurin na da saukin shiga? Ta ukun ita ce mai nauyi: idan abin ya faru, mutum nawa zai hallaka, dukiya nawa za ta salwanta, ciniki zai tsaya kwana nawa? Ku ɗauki Los Angeles da Long Beach, tashoshi biyu maƙwabta da ke karɓar wajen kashi ɗaya cikin uku na kwantenonin da ke shiga Amurka. Ko Houston, inda matatun mai da masana'antun sinadarai ke jere a bakin ruwa, ga gidajen jama'a kusa. Irin waɗannan ke samun kaso mai tsoka. Kamar mai gadi ɗaya ne a gari: rumbun tsimi za a kai shi, ba bukkar gona ba. Sai dai mai bukkar ma yana da bakin magana, domin ƙananan tashoshi na cewa ɓarawo ƙofar da ba kowa yake nema. A ganina ƙorafin nasu ba shirme ba ne.

Ba a miƙa kuɗin haka kawai. Hukumar tasha, ko ƴan sanda, ko ƴan kwana-kwana, ko kamfani, kowa zai rubuto aikin da yake son yi, jami'in dakarun tsaron gaɓar teku na yankin ya duba ya ba shi maki. Kuma mai nema sai ya sa nasa: hukuma kashi 25 cikin 100, kamfani mai neman riba rabi. Da kuɗin ake sayen kyamarori, shinge, jiragen sintiri, karnuka masu sansano bam, da horar da ma'aikata. Yanzu an ƙara da kare kwamfutoci, tun da a 2017 wata cutar kwamfuta ta tsayar da aikin kamfanin Maersk, har tasharsa ta Los Angeles ta yi kwanaki a rufe.

Asusun ya ragu sosai. Dokar 2006 ta amince da dala miliyan 400 a shekara, amma a shekarun baya-bayan nan abin da ake warewa bai wuce miliyan 100 ba, wato sama da miliyar 50 na sefa.

Tashoshin Afirka ba sa cikin masu cin wannan tallafi, kuma ba a ba mutum ɗaya. Duk wanda ya turo muku saƙo a waya cewa ku cika takarda ku samu, ɗan damfara ne. Inda abin ya taɓo yankinmu shi ne, jami'an tsaron gaɓar tekun Amurka kan ziyarci tashoshin ƙasashen da ke ciniki da su. Idan suka ga tsaron wata ƙasa bai kai ba, jirgin da ya biyo ta can sai ya cika ƙarin sharuɗɗa kafin a bar shi ya shiga Amurka.