Wasannin kwamfuta: Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi

Duk ɗan kasuwar da ke sayar da faya-fayan wasannin kwamfuta, daga Jibiya zuwa Maraɗi, ko daga Illela zuwa Birnin Konni, ya san kayan iri biyu ne: na ainihi mai tsada, da na kwafi mai araha. A hankalce, wanda ya biya kuɗi masu kauri shi ya kamata ya more. To amma a wannan harka sau da yawa mai gaskiya ne ke shan wuya, saboda makullin hana kwafi da kamfanoni ke sakawa a faifan, wanda Turawa ke kira DRM.

Ba mu musa cewa kamfanoni suna da hujja ba, domin suna zuba dukiya da shekaru kafin su fitar da wasa guda, kuma satar fasaha sata ce. Inda gizo ke saƙa shi ne, ɓarayin sukan ɓalle makullin cikin ƴan kwanaki, su raba wasan ba makulli, a bar mai saye na halal yana ta fama da shi.

A watan Satumba na 2008 kamfanin EA na Amurka ya fitar da wasan Spore da wani makulli mai suna SecuROM, wanda ya ƙayyade cewa sau 3 kawai za a iya ɗora wasan a kwamfuta. In ka sake inji, ko ka canza manyan kayan cikinsa, ana iya ƙirga maka ɗaya. In ukun suka ƙare, sai ka nemi kamfani ka roƙi ƙari, a kan abin da ka saya da kuɗinka. Jama'a suka fusata har aka shigar da ƙara a Kalifoniya, kamfanin ya mayar da adadin zuwa 5. Duk da wannan tsaro, Spore ne aka ruwaito ya fi kowane wasan kwamfuta shan sata a shekarar.

A 2010 kuma kamfanin Ubisoft na Faransa ya ce ba za a buga Assassin's Creed II a kwamfuta ba sai da intanet daga farko har ƙarshe, ko da mutum shi kaɗai yake wasa a ɗakinsa. A watan Maris na shekarar injinan kamfanin suka tsaya, masu saye suka yi zugum. Sai a 2012 kamfanin ya sanar cewa ya bar tsarin. In haka ta samu mutanen Turai, ina ga mu nan da layin intanet ke yankewa, wuta kuma ba tabbas?

Bugu da ƙari, makullin kan mutu da kansa. Da Windows 10 ta fito a 2015, ta ƙi karɓar wani tsohon makulli mai suna SafeDisc, sai faya-fayai masu lafiya, ba ko ƙwarzane, suka daina aiki. A ƙarshen Maris na 2024 Ubisoft ta rufe injinan wasan tseren motoci The Crew, wasan ya mutu a hannun duk wanda ya saya. Wannan ya haifar da wani koke da aka kai Tarayyar Turai, wanda ya tara sa hannu sama da miliyan 1 a 2025.

To ina ruwan ɗan kasuwa? Ruwansa shi ne, in faifai ya ƙi aiki, mai saye ba Faransa zai tafi ba, rumfarka zai dawo. Saboda haka muke jan hankalin ƴan uwa kan abubuwa uku kafin su sari kaya.

Na farko, a duba bayan kwali, domin in wasan na buƙatar intanet, galibi a nan ake rubutawa. Na biyu, a yi hattara da faya-fayan kwamfuta na gwanjo. Wanda duk ke da lambar Steam, da zarar mai shi na farko ya yi rajista da ita, faifan ya zama hoto. Na uku, masu gidajen wasa da ke aiki da PlayStation 2 su tuna cewa faifan Amurka ba ya tashi a injin Turai.

Akwai kuma shagon intanet na GOG da wani kamfanin ƙasar Poland ya buɗe a 2008, wanda ke sayar da wasanni ba makulli, kuma har yau yana ciniki. Wannan ya nuna ana iya cin riba ba tare da an ɗauki mai saye a matsayin ɓarawo ba.

Jarin ɗan kasuwa amana ce. A faɗa wa mai saye sharaɗin da ke kan faifai tun kafin ya miƙa kuɗi, ya saya da saninsa ko ya fasa. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka.