Yadda Ake Jarraba Na'urar Neman Bayani

Mu da ke koyon aikin malanta mun sani ba a cewa yaro ya iya lissafi sai an ba shi jarrabawa an duba. To, ina so in nuna wa 'yan'uwana cewa haka nan ake yi wa duk abin da ke nemo mana bayani, ko katunan fihirisa na ɗakin karatu ne, ko kuwa na'urar bincike ta intanet irin su Google. Saurin kawo amsa kaɗai bai isa shaida ba, gama an ce sauri ya haifi nawa.

Wanda ya kafa hanyar wannan jarrabawa wani Bature ne, Cyril Cleverdon, mai kula da ɗakin karatu na Kwalejin Ilmin Jiragen Sama da ke Cranfield, a ƙasar Ingila. A gwajinsa na biyu, wanda sakamakonsa ya fito cikin 1966, ya tara takardu 1,400 a kan ilmin tashin jirgi, da tambayoyi fiye da 200 waɗanda masana suka rubuta. Sa'an nan aka zauna aka tantance takardun da suka amsa kowace tambaya. Watau ga takardar tambayoyi, ga kuma ta amsoshi a hannun malami.

Ma'auni biyu ya yi aiki da su. A ce ɗakin karatunmu yana da littattafai 20 a kan noman auduga. Ka nema, aka fito maka da 40, amma 10 kaɗai ke maganar auduga. Ma'auni na fari, wanda zan kira yawan kamu, shi ne 10 cikin 20, rabi ke nan. Na biyu, tsabtar kamu, shi ne 10 cikin 40, rubu'i ke nan. Kamar masunci ne da ya ja taru. Sai mu tambaye shi, kifi nawa ya kama cikin na tafkin? Abin da ya jawo kuma, nawa ne kifi, nawa ne kwaɗi da ciyawa?

Abin lura shi ne, in ɗaya ya hau, galibi ɗayan sauka yake yi. Wanda ya kwaso maka littattafan ɗakin duka bai bar na auduga ko ɗaya ba, amma ya bar ka da aikin tsinta. Wanda ya miƙo guda tak mai kyau kuwa, kamunsa da tsabta, amma 19 sun tsere masa. Likita mai binciken illar wani magani yawan kamu yake bukata. Ɗan makaranta mai neman shekarar da aka yi wani abu, tsabta ta fi masa.

Sakamakon Cranfield ya ba masana mamaki ƙwarai. Kalmomi ɗai-ɗai da aka tsamo daga cikin takardun sun fi tsararrun kanun magana da gwanayen fihirisa suka sha wahalar shiryawa. Ba don an auna ba, da ba wanda zai yarda.

Cikin 1992 wata hukumar ma'auni ta gwamnatin Amurka ta soma taron TREC a bisa wannan tafarki. Da yake takardun sun yi yawan da ba mai iya karance su, sai a tattara na gaba-gaba daga amsar kowace na'ura, mutane su duba. Amma fa takardar da ba na'urar da ta kawo ta, a kan lissafta ta cikin marasa amfani, ko da tana da shi. Har wa yau masu dubawa su kan saɓa, kamar malamai biyu a kan insha'i ɗaya.

Saboda haka, 'yan'uwa, kafin mu tura yara ga wata na'ura, mu rubuta tambayoyi 10 da muka san amsarsu, mu ƙirga masu amfani cikin amsoshi 10 na fari, mu kuma lura da abin da muka san akwai shi amma bai fito ba. Wannan na ƙarshe shi ne yaro ba zai iya ganewa da kansa ba.