Laifin Yaro Ne Ko Na Gida? Nazari Kan Matasan 'Yan Kwatabak a Ƙwallon Amurka

A shekarar 2021, ƙungiyoyi biyar na gasar ƙwallon Amurka ta NFL suka zaɓi matasa biyar a zagayen farko na zaɓen sabbin 'yan wasa, kowace tana fatan ta samu jagoran da zai riƙe ta shekara goma ko fiye. Matasan su ne Trevor Lawrence da Zach Wilson da Trey Lance da Justin Fields da Mac Jones. Kafin a buɗe kakar wasa ta 2024, huɗu daga cikinsu sun riga sun bar ƙungiyoyin da suka ɗauke su, Lawrence kaɗai ya rage a Jacksonville. Irin wannan ya zama ruwan dare a gasar: a ɗauko yaro da ganga da kiɗa, a jefa shi fili tun bai gama sanin hanyar filin atisaye ba, bayan kaka biyu ko uku a ce ba shi da amfani. Abin tambaya shi ne, yaran ne suka gaza, ko gidajen da aka kai su ne ba su shirya karɓarsu ba?

Aikin da mutum ɗaya ba ya iyawa

A wannan wasa kowane ɓangare na da mutum 11 a fili. Ɓangaren da ke kai hari ana ba shi dama huɗu ya ci gaba da yadi goma, in ya kasa ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Ɗan wasan da ake kira kwatabak shi ke karɓar ƙwallo a kusan kowane yunƙuri. Shi zai karanci yadda masu tsaron baya suka jeru, ya yanke shawarar wanda zai jefa wa, kuma ya saki ƙwallon cikin abin da bai fi daƙiƙa uku ba, kafin ƙarti masu nauyin kilo 120 ko fiye su iso kansa.

Abubuwa uku ne ke riƙe da shi. Na farko, katangar mutum biyar da ke tsaye a gabansa suna tare masu kawo masa farmaki. Na biyu, masu cafe jifa, waɗanda dole su kuɓuce wa mai tsaronsu su isa inda aka shirya a daidai lokacin da aka shirya. Na uku, kocin da ke tsara dabarun kai hari, wanda zai iya sauƙaƙa wa yaro karatu ko ya dagula masa lissafi. Duk wanda ya gaza a cikin ukun nan, a kan kwatabak abin ke bayyana, domin shi 'yan kallo ke gani, kuma sunansa ake rubutawa a jikin alƙaluman rashin nasara.

Abin da ya haifar da gaggawar

Musabbabi na farko yana cikin tsarin zaɓen kansa. Ƙungiyoyi 32 ne a gasar, kuma wadda ta fi kowa shan kaye a kakar da ta wuce ita ake bai wa damar fara zaɓe. An yi haka ne don a daidaita ƙarfi, amma sakamakonsa ga matashin da ya fi kowa hazaƙa a jami'a shi ne ya tsinci kansa a gidan da ya fi kowane lalacewa. A 2023 Carolina ta ba da zaɓuɓɓukanta masu daraja, ta haɗa da D.J. Moore, mai cafe jifan da ta fi dogaro da shi, don ta samu damar ɗaukar Bryce Young. Wato ta sayar da abokin aikin yaron don ta sayi yaron. A kakar farko an kayar da Young sau 62 da ƙwallo a hannu, ƙungiyar ta ci wasa 2 ta sha kashi a 15, aka kuma sallami koci Frank Reich bayan wasa 11 kacal.

Na biyu, kuɗi. Kafin 2011 sabon ɗan wasa na iya karɓar dukiya tun bai buga ko wasa ɗaya ba. Sam Bradford, wanda aka fara zaɓa a 2010, ya sa hannu a kwantiragin dala miliyan 78 na shekara shida. Yarjejeniyar da aka ƙulla a 2011 tsakanin masu ƙungiyoyi da ƙungiyar 'yan wasa ta ƙayyade albashin sababbi, sai ga Cam Newton, wanda aka fara zaɓa a wannan shekarar, da dala miliyan 22 a shekara huɗu. Ga shi kuma gasar ta iyakance abin da kowace ƙungiya za ta kashe kan albashi, wanda a 2024 ya tsaya a dala miliyan 255.4, alhali a shekarar ce Dak Prescott na Dallas ya samu kwantiragin dala miliyan 60 a kowace shekara. Lissafin a fili yake. Muddin kwatabak yana kan albashin sabon shiga, akwai rarar kuɗin sayo gwanaye a kewaye shi da su. Seattle ta ɗauki kofi a farkon 2014 lokacin Russell Wilson yana shekararsa ta biyu, sauran ƙungiyoyi suka ga hanya. Daga nan kowace kaka da yaro ya yi a benci ta zama asara a idon masu ƙungiya. Haka kuma yar da shi ya yi sauƙi, tunda ba a zuba masa kuɗin da za a ji ciwo ba. Arizona ta ɗauki Josh Rosen a matsayi na goma a 2018, ta rabu da shi bayan kaka ɗaya.

Na uku, rashin zaman koci. Mai horarwar da ya san kujerarsa na rawa ba zai yi tunanin shekara uku masu zuwa ba, wasan Lahadi mai zuwa ne a gabansa. In an kore shi, wanda ya gaje shi zai zo da sabon kundin dabaru da sababbin kalmomin kiran wasa, yaro ya koma aji ɗaya. Baker Mayfield ya yi aiki da manyan koci huɗu a kakarsa uku ta farko a Cleveland. Lawrence ya fara da Urban Meyer, wanda bai kai ƙarshen kaka ba aka sallame shi bayan wasa 13. Caleb Williams, wanda Chicago ta fara zaɓa a 2024, ya ga an kori mai tsara masa hari, sannan aka kori babban koci, duk a kakarsa ta farko.

Akwai kuma ƙarancin atisaye. Yarjejeniyar 2011 ta rage yawan atisayen da ake yi da cikakkun kayan kariya, domin kare lafiyar 'yan wasa. Manufar mai kyau ce, sai dai 'yan katanga biyar ɗin nan ba sa zama tsintsiya ɗaya sai da yawan gogawa tare, kuma lokacin gogawar ne aka rage.

Abin da gaggawar ke haifarwa

Illa ta farko a jiki take sauka, daga nan ta shiga zuciya. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma babu wanda ya ɗanɗani wannan kamar David Carr. Houston, sabuwar ƙungiya a lokacin, ta fara zaɓarsa a 2002, aka kayar da shi sau 76 a kakar farko, adadin da ya zama tarihi a gasar. Yaron da ya sha irin wannan duka yakan daina kallon masu cafe jifa, idonsa ya koma kan masu zuwa kansa. Sai ya riƙa sakin ƙwallo kafin lokaci, ko ya gudu daga inda ya kamata ya tsaya, ɗabi'ar da ke da wuyar kankarewa ko da an gyara katangar daga baya. Andrew Luck, wanda kowa ya shaida gwanintarsa, ya ajiye wasa a watan Agustan 2019 yana da shekara 29, bayan raunuka sun yi masa yawa a Indianapolis.

Illa ta biyu ita ce yanke hukunci bisa kuskure. Ƙungiya ta kan kori yaro, ta sake kashe zaɓenta mafi daraja a kan wani, shi ma ya faɗa cikin ramin da ba a cike ba. New York Jets ta ɗauki Sam Darnold a matsayi na uku a 2018, ta sallame shi a 2021 ta ɗauki Zach Wilson a matsayi na biyu, shi ma ta rabu da shi bayan kaka uku. Darnold ɗin da aka yar, da ya isa Minnesota a 2024 ya haɗu da koci Kevin O'Connell da gwanin cafe jifa Justin Jefferson, ya yi jifa 35 da suka kai ga ci, ƙungiyar ta lashe wasa 14 cikin 17. A wannan kakar Mayfield ya yi irin wannan jifa 41 a Tampa Bay. Hannun da suke jifa da shi bai canza ba, gida ne ya canza.

Inda aka gyara gida, sauyin kan zo da sauri. Jared Goff na ƙungiyar Rams ya fara wasa 7 a 2016 bai ci ko ɗaya ba. A 2017 Rams ta kawo koci Sean McVay, ta ƙarfafa katanga da Andrew Whitworth, ta ƙara Robert Woods da Cooper Kupp cikin masu cafewa, sai Goff ya yi jifan ci 28, ƙungiyar ta tashi daga nasara 4 zuwa 11. Lawrence ya yi jifan ci 12 aka ƙwace masa 17 a 2021, amma a ƙarƙashin koci Doug Pederson a 2022 ya yi 25 aka ƙwace 8. Josh Allen na Buffalo ya fara da jifan da kashi 52.8 cikin 100 ne kawai ke isa hannun abokan wasansa. Ƙungiyar ta yi haƙuri, ta bar masa mai tsara hari guda, Brian Daboll, ta kuma sayo masa Stefon Diggs a 2020. A wannan kakar adadin ya haura zuwa kashi 69.2, Diggs ya fi kowa a gasar da cafewa 127.

Patrick Mahomes ne ya fi kowa dacewa da gida. Kansas City ta ɗauke shi a 2017 tana da ƙarfinta, ta zaunar da shi kusan kaka guda yana koyo a bayan Alex Smith, a hannun gogaggen koci Andy Reid. Da ya karɓi ragama a 2018 ya tarar da masu cafe jifa Travis Kelce da Tyreek Hill suna jira, ya yi jifan ci 50, aka zaɓe shi gwarzon kaka. Amma shi ma ranar da katanga ta rushe ya ji a jikinsa. A wasan ƙarshe na Super Bowl a Fabrairun 2021, manyan masu tsare masa gefe biyu suna jinya, Tampa Bay ta lallasa su da ci 31 da 9.

Ɗaya gefen ma'auni

Adalci ya sa a faɗi cewa gida ba shi ne komai ba. Joe Burrow ya dawo daga mummunan raunin gwiwa, aka kayar da shi sau 51 a kakar 2021, duk da haka ya kai Cincinnati wasan ƙarshe, ko da yake yana da mai cafe jifa Ja'Marr Chase a gefensa. Jayden Daniels ya tarar da Washington, wadda ta yi nasara 4 a 2023, ya kai ta 12 a kakarsa ta farko. Akwai kuma yaran da ko an shimfiɗa musu komai ba za su iya saurin karatun da aikin ke buƙata ba. Brock Purdy, wanda shi ne na 262 kuma na ƙarshe a zaɓen 2022, ya kai San Francisco wasan ƙarshe a farkon 2024. Wasu sun ce gwanayen da ke kewaye da shi ne suka ɗauke shi, amma wasu sun taka wannan matsayi a ƙungiyar ba su yi abin da ya yi ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne abin da ke faruwa bayan yaro ya nuna. Hill ya bar Kansas City a 2022, Mahomes ya ɗauki kofi sau biyu a jere ba tare da shi ba. Diggs ya bar Buffalo a 2024, Allen ya zama gwarzon kaka a wannan shekarar. Wannan na nuna cewa tallafin ya fi nauyi ne a shekarun farko, lokacin da ɗabi'u ke kafuwa kuma gaba ke ƙarfafa ko ya karaya. Wanda aka raina da kyau, daga baya shi ke ɗaukar nauyin ƙungiya ko da gwanaye sun watse. Wanda aka bari ya sha duka tun yana ɗanye, sau da yawa ba ya kai wannan matakin balle a san iyakar baiwarsa.

Matsaya

Idan aka auna duka ɓangarorin, mafi yawan laifin na komawa kan masu ƙungiyoyi da manajojinsu. Su ke zaɓen yaro, su ke ɗaukar koci su kore shi, su ke yanke shawarar inda kuɗi zai tafi. Ƙungiyar da ke son matashinta ya yi ƙarko tana da aiki uku a gabanta: ta fara gina katanga kafin ta tura shi fili, ta samar masa aƙalla mai cafe jifa ɗaya da zai dogara da shi, ta kuma bar shi da tsarin wasa guda na tsawon kaka uku. In gidan bai shirya ba, zaman benci ba abin kunya ba ne. Aaron Rodgers ya yi kaka uku yana jira a Green Bay, Jordan Love ma haka, kuma ƙungiyar ba ta yi da-na-sani ba.

Ga masu sharhi da magoya baya kuwa, kafin a ce yaro ɗan shekara 22 ya gaza, a fara duba sau nawa aka kayar da shi, koci nawa ya gani, da wa ke cafe masa ƙwallo. Ƙungiyar da ta kasa samar wa matashinta waɗannan abubuwa ba ta da hujjar cewa shi ne ya ba ta kunya.