Wutar lantarki daga zafin rana

Jama'a sun saba da farantan da ke mai da hasken rana wutar lantarki. Akwai kuma wata dabara wadda zafin ranar take amfani da shi.

Asalinta tun shekarar 1821 ne, lokacin da wani masani Bajamushe mai suna Seebeck ya haɗa ƙarfe iri biyu, ya gasa mahaɗi guda, ya bar gudan da sanyi, sai wuta ta gudana. A yau ana jera ƴan ƙananan tubala na bismut da telur tsakanin faranti biyu. Madubi mai lanƙwasa yana tattara rana bisa farantin sama, ruwa ko iska suna sanyaya na ƙasa. Babu inji mai juyawa, babu mai, saboda haka ba a yawan neman makaniki.

Sai dai ribar kaɗan ce. Cikin 1954, a Amurka, Maria Telkes ta tattara rana ninki 50, amma kashi 3 da ɗoriya cikin 100 ne kawai na ƙarfinta ya zama wuta. A wannan shekara kuwa aka fito da farantin silikon mai ba da kashi 6. Cikin 2016 masu bincike na jami'ar MIT suka kai kashi 7,4, alhali farantan kasuwa suna ba da wajen kashi 20.

Tattara rana ba baƙon abu ba ne a Nijar. An kafa ofishin ONERSOL cikin 1965, kuma Farfesa Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa, ya shugabance shi daga 1969; can aka ƙera murhunan rana da tankunan dumama ruwa. Amma ƙasar Sahel tana da sharuɗɗanta. Madubi ba ya tattara komi sai rana ta fito tas, hazon hunturu kuwa yana watsa haskenta. Babbar wuya ita ce sanyi: yawan wutar ya dogara ga tazarar zafi tsakanin farantan biyu, ga shi cikin bazara ma'auni yakan wuce digiri 40 a inuwa. Dole a yi ta zuba ruwa, ruwan kuma tsada gare shi.

Ruwan dai ba ya tashi a banza, da zafi yake fitowa. Gidan likitan ƙauye da ke buƙatar fitila da dare, da ruwan zafi domin masu jego, yana iya samun duka biyu daga madubi guda, muddin akwai mai goge masa ƙura, yana juya shi ya bi rana.