Ƙarin Kitse a Cikin Ƙirji

Jama'ar Madawa da Buza da Keita sun san ƙarin kitse mai fitowa a kafaɗa ko a ƙeya, mai laushi, wanda in an danna shi sai ya zame a ƙarƙashin fata, kuma galibi ba ya cutar da mai shi. Amma akwai ɗan'uwansa nadiri, wanda ke tsirowa a cikin ƙirji, a sararin da ke tsakanin huhu biyu inda zuciya da maƙogwaro da manyan jijiyoyin jini suke, kuma saboda taushinsa yakan yi shekara da shekaru yana girma, yana bin kowane lungu kamar kunu a ƙwarya, kafin mai shi ya fara haki in ya hau tudun Adar, ko tari ya ƙi jin magani, ko murya ta dishe, ko haɗiyar tuwo ta zama aiki.

A nan mushkilar take. Likitan da ya ga mai tsohon tari a ƙasar nan, wajibi ne zatonsa ya fara zuwa kan tarin fuka, kuma ba a ga laifinsa ba, domin shi ne ya yawaita. Sai dai idan an auna majina ba a ga ƙwayar cuta ba, ko an sha maganin wata shida babu sauƙi, to, maimaita maganin zalunci ne ga majiyyaci. Hoton ƙirji na farko, irin wanda ake ɗauka a asibitin Galmi ko na Tawa, inuwa kawai yake nunawa, har wani lokaci a ɗauka zuciya ce ta kumbura. Na'urar sikana ce ke fayyace cewa kitse ne, sa'an nan a yanki ɗan tsoka a duba a madubin likita, a san ko mai lafiya ne ko kuwa daji ne, wanda ake kira lifosarkoma.

Maganin duka biyu fiɗa ce, a cire ƙarin ɗungurungum. Mai lafiya da wuya ya komo. Na daji kuwa yakan dawo ko bayan shekaru, saboda haka lazim ne a riƙa komawa awo. Aikin buɗe ƙirji yawanci sai Yamai, tafiyar kimanin kilomita 500 daga Madawa; a Yamai ɗin ne kuma cibiyar yaƙi da ciwon daji ta fara gashi da haske a 2021. Manomin da zai sayar da albasarsa ya yi wannan tafiya, hakkinsa ne a ba shi takardar turawa tun ƙarin bai danne masa huhu ba.