Albashi ko Kwangila: Wanne Ya Fi wa Mai Rubuta Manhaja?

Matasan da nake koya wa rubuta manhaja a Kano, kusan duk dala suke hange. Ban ga laifinsu ba. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, aikin dala ɗari biyar a dandalin kwangila na Upwork kan zarce albashin wata a ƙananan kamfanoninmu da yawa.

Sai dai akwai lissafin da ba sa yi. Dandalin Fiverr, misali, na yanke kashi 20 cikin ɗari na kuɗin kowane aiki. Man janareta, data, gyaran kwamfuta, duk daga aljihunka. Wani lokaci a yi wata biyu babu wanda ya neme ka, mai gidan haya kuwa ba ruwansa.

Ma'aikacin kamfani, dokar fansho ta 2014 ta wajabta a zuba masa aƙalla kashi 10 cikin ɗari na albashinsa, shi kuma ya zuba kashi 8. Amma a ganina babbar ribarsa ita ce gogaggen injiniya da zai duba aikinsa, ya ce masa nan ka kwafsa. Kwastoma ba ya koyarwa, tafiyarsa kawai yake yi.

Don haka shawarata, sabon shiga ya fara zama a ofis shekara biyu zuwa uku, yana ɗan taɓa kwangila a ƙarshen mako.