Mizani Uku, Kati Ɗaya: Yadda Ake Auna Tsofaffin Katunan Besbol a Amurka

Tun daga ƙarshen ƙarni na 19 kamfanonin taba na ƙasar Amurka suka ɗauki al'adar saka 'yan katuna masu hoton gwanayen besbol, wato wasan nan da ake bugun ƙwallo da kulki, a cikin kwalin sigari, kafin daga bisani masu sayar da cingam irin su kamfanin Topps su gaje su. Da yake yara ne suka fi tara su, suna ɗaure su da roba, suna musaya da juna, wasu ma suna maƙala su a wayoyin ƙafar keke domin su ji ƙara, kaɗan ne ƙwarai suka kawo yau ba tare da illa ba. Kuma wannan ƙaranci shi ne ya mayar da guntun kwali dukiyar da attajirai ke rububi a wajen gwanjo.

To, da ciniki ya kai ga dubban daloli, sai jayayya ta yawaita, domin mai sayarwa ba ya ganin aibin hajarsa, mai saye kuwa aibin ne kaɗai yake nema. Saboda haka aka buƙaci shaida na uku wanda ba shi da rabo a cinikin. Kamfanin PSA ya fara wannan aiki a jihar Kalifoniya a 1991, SGC ya biyo baya a 1998, sannan Beckett na birnin Dallas ya shigo a 1999. Dukkansu abubuwa huɗu suke dubawa: zaman hoton a tsakiyar kati, kaifin kusurwoyi huɗu, lafiyar gefuna, da tsabtar fuskar katin gaba da baya. Mai binciken yakan ajiye katin ƙarƙashin fitila mai haske, ya ɗauki madubin ƙara girma ya bi kusurwa ɗaya bayan ɗaya yana neman inda takarda ta fara tashi, ya karkata shi domin haske ya tona lanƙwasar da ido ba ya gani kai tsaye, ya auna faɗin farin gefen hagu da na dama. Idan ya gama, sai a rufe katin a cikin kwanson roba mai garai-garai, a liƙe, a rubuta lambarsa a sama.

Amma duk da ittifaƙinsu a kan abin da ake dubawa, sun yi saɓani wajen hukunci. PSA yana ba da lamba ɗaya tak daga 1 zuwa 10, sai a 2008 ya ƙara rabin lamba, kuma bai sanya 9.5 a mizaninsa ba. Yana yarda kati ya sami 10 ko da hoton ya ɗan karkata da gwargwadon 55 da 45, kuma idan kati ya kyautu ta kowane fanni in ban da aibi guda, kamar tabo ko karkacewar hoto, yakan iya ba shi lamba mai girma ya liƙa mata haruffa biyu masu bayyana aibin. Beckett kuwa ya shahara da ba kowane ɗaya daga abubuwan nan huɗu lambarsa daban kafin ya fitar da jimla, kuma ba ya ba da baƙin tambarinsa, wanda shi ne ƙololuwar daraja a wurinsa, sai dukkan huɗun sun cika 10. Ya kuma ware wani sashe na musamman domin tsofaffin katuna. Shi kuma SGC, wanda masu tara katunan zamanin taba suka daɗe suna ƙauna saboda baƙin shimfiɗin da yake kewaye kati da shi, ya shekara da shekaru yana auna daraja da mizani mai ƙarewa a 100, kafin ya koma na 10 a 2018. Ke nan lamba 8 a gida ɗaya ba lalle ba ne ta zama 8 a wani gidan, shi ya sa wasu 'yan kasuwa suke fasa kwanson su sake aika katin, ko a can ko a nan, da fatan a dace da alƙali mai sassauci.

Abin da ya sa suke wannan wahala a fili yake. Katin Mickey Mantle na Topps na 1952 mai lamba 9 daga PSA an sayar da shi dala miliyan 5.2 a farkon 2021, alhali wani irinsa mai 9.5 daga SGC ya kai dala miliyan 12.6 a gwanjon Heritage a watan Agustan 2022. Sai dai lamba ba ita kaɗai ce ke yanka farashi ba, domin a wannan watan dai an sayi katin Honus Wagner, wanda yake cikin jerin da kamfanin American Tobacco ya fitar tsakanin 1909 da 1911, a kan dala miliyan 7.25, ga shi kuwa lamba 2 kacal SGC ya ba shi; ƙarancinsa ya rinjayi tsufansa.

A kan wani kati irin wannan na Wagner ne kuma babban darasi ya faru. Katin farko da PSA ya taɓa aunawa na Wagner ne, wanda ɗan wasa Wayne Gretzky da abokin cinikinsa Bruce McNall suka saya dala 451,000 a 1991, aka ba shi lamba 8, ya yi ta sauya hannu har ya kai dala miliyan 2.8 a 2007. A 2013 sai wani dillali mai suna Bill Mastro ya amsa a gaban kotun tarayya cewa shi ne ya datse gefunan katin tun da farko domin ya ƙara masa kyau, alhali ƙa'idar waɗannan gidaje ita ce katin da aka datse ba a ba shi lamba, iyakarsa a shaida cewa na asali ne. Algus ke nan ya wuce ta gaban masana ba tare da an tsayar da shi ba.

Saboda haka ya kamata mai karatu ya fahimci cewa lambar da ke kan kwanson nan ijtihadi ne na ɗan Adam, wanda yakan dace kuma yakan kuskure. Duk wanda zai zuba dukiyarsa a irin wannan haja, wajibi ne ya san gidan da ya yi awon da sharuɗɗan mizaninsa, sannan ya ƙura wa katin kansa ido kafin ya biya.